LISSAFI DA NA'URA MAI ƘWAƘWALWA A FANNIN FIZIKS: DAGA INA ƊALIBI ZAI FARA?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a babban ɗakin taro na makaranta)

 

GABATARWA

Da farko ina miƙa godiyata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana wannan rana, sannan ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ga ya dace in ce wani abu a gaban waɗanda suka fi ni shekaru da sani. Da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, na ce masa ai a cikinmu akwai farfesoshi da likitoci, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne a fannin ruwa. Sai ya ce ai shi ya sa, ana son wanda yake cin abinci da abin ya faɗa wa yara yadda yake. To, tunda babba ya yi umarni, ba ni da ta cewa.

Maganata ba ta wuce guda ɗaya ba: na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, saurin lissafi ta iya, amma ba ta san gaskiya daga ƙarya ba. Duk wanda yake son ya yi aikin Fiziks da ita, dole ya koyi abu biyu: dabarar da ake bi a yi lissafin, da kuma yadda zai gane in amsar da aka ba shi ta ɓace hanya. Zan yi ƙoƙari in bayyana wannan da misalai, sannan in kawo shawara ga ɗalibai da kuma ita ƙungiyarmu.

INDA FOMULA TAKE TSAYAWA

Ɗaliban ajin kimiyya, na san duk kun yi gwajin lilo a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake ɗaura ɗan ƙarfe a zare a sake shi, a ƙirga kaiwa da komowarsa da agogo. Kun kuma haddace fomular da ke ba da lokacin. Amma ku tuna, Malam yakan ce kada a ja zaren da nisa. Dalili kuwa shi ne wannan fomula ta ɗan ƙaramin lilo ce kawai. Idan ka ɗaga zaren har ya miƙe a kwance ka sake shi, lokacin zai fi abin da fomula ta faɗa da kusan kashi 18 cikin 100.

Haka abin yake a wurare da yawa. Newton ya warware lissafin tafiyar abu biyu da ke jan juna, kamar duniya da rana. Da aka ƙara na uku, kamar wata, har yau babu wata fomula gama-gari da za ka zuba lambobi ta ba ka amsa. Tafiyar iska da hadari, da gudun ruwa a kogi, da yaɗuwar zafi a jikin gini, duk mun san dokokinsu, amma warware su da alƙalami a dunƙule ya gagara. Tambayoyin da ke cikin littattafanku an zaɓo su ne don suna da amsa mai tsafta. A wajen aiki irinsu kaɗan ne.

To, me ake yi in fomula ta ƙare? Ana bin hanyar da Bahaushe ya daɗe da sani: tafiya sannu-sannu kwana nesa. Maimakon a yi tsalle ɗaya zuwa amsa, sai a yanka lokacin ƙanana-ƙanana, a riƙa yin taku ɗaya bayan ɗaya.

MISALIN KOFIN SHAYI

Bari mu yi tare. Wanda yake da biro ya fito da shi. An zuba maka shayi mai zafin digiri 90, zafin ɗakin kuwa digiri 30 ne. Mu ƙaddara cewa a kowane minti shayin yana rasa kashi ɗaya cikin goma na bambancin da ke tsakaninsa da ɗakin. A farko bambancin 60 ne, ushurinsa 6, saboda haka bayan minti ɗaya shayi ya koma 84. Yanzu bambanci ya zama 54, ushurinsa 5.4, shayi ya koma 78.6. Sai kuma 73.74. In ka ci gaba har sau goma za ka sami 50.92.

Wannan da kuka yi yanzu ita ce dabarar Euler, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya bayyana ta a littafinsa na 1768. Ragewa ce da ninkawa, babu abin da ɗan aji ɗaya bai iya ba.

Amma ga inda gizo yake saƙar. Ita wannan tambaya ta shayi tana da cikakkiyar amsa ta hanyar kalkulas, amsar kuwa 52.07 ce. Ke nan mun kuskure da digiri 1.15. Me ya jawo? Mun ɗauka cewa shayin yana sanyi da sauri iri ɗaya tun daga farkon minti har ƙarshensa, alhali kuwa saurin yana raguwa a kowace daƙiƙa. Idan muka mai da takunmu rabin minti, muka yi sau ashirin, za mu sami 51.51, kuskure ya koma 0.56. An raba taku biyu, kuskure ya rabu biyu.

Yanzu mu ga malalaci. Ya ce shi ba zai ɓata lokaci ba, taku ɗaya na minti 20 ya ishe shi. Digiri 6 sau 20 ya ba shi 120, ya cire daga 90, sai ga shayi ya koma digiri 30 ƙasa da sifili. Wato a ɗakin da ake gumi, shayi ya zama ƙanƙara! Kuna dariya, amma wallahi in ka ba kwamfuta wannan umarni haka za ta buga maka amsar ba tare da ko gezau ba. Ba ta taɓa shan shayi ba, balle ta yi mamaki.

Daga baya wasu Jamusawa biyu, Runge a 1895 da Kutta a 1901, sun fito da hanyar da ta fi wannan kyau. A wadda aka fi amfani da ita, ana leƙa saurin canjin sau huɗu a cikin kowane taku kafin a yanke hukunci, kuma in ka raba taku biyu kuskure yakan ragu kusan sau 16. Ku lura, duk wannan an yi shi ne tun ba a ƙera kwamfuta ba.

DABARA TA RIGA NA'URA

Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran jerin matakan lissafi da ita, wato algoridim, daga sunan Alkhawarizmi aka samo ta, malamin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Mu ma nan ba baƙi ba ne a wannan fage. Wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake tsara hatimin lambobi, inda kowane layi ka tara zai ba ka adadi ɗaya, kuma mataki-mataki ya bayyana hanyar. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Akwai kuma wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, wanda ya tuƙa motar ɗaukar majinyata a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Shi ne ya fara gwada hasashen yanayi da lissafi zalla. Ya raba sararin sama gida-gida, ya zauna da alƙalami kusan mako shida don ya hango yanayin awa shida kacal. Amsar da ya samu ta yi nisa da gaskiya ƙwarai, domin ta nuna canjin nauyin iska da ba a taɓa gani ba. Duk da haka bai ɓoye ba, ya buga aikin da kuskurensa a 1922, har ya ƙiyasta cewa sai an tara masu lissafi 64,000 a wuri guda kafin a riga yanayi gudu. Masu bincike na baya sun gano cewa hanyarsa daidai take, matsalar daga alƙaluman da ya fara da su ne. A 1950 aka sake gwadawa a Amurka da na'urar ENIAC, hasashen awa 24 ya ci kusan awa 24, amma ya yi kama da gaskiya. Daga wannan tushe ne aka kai ga Syukuro Manabe da Klaus Hasselmann, waɗanda suna cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel ta Fiziks a 2021 saboda lissafin yanayin duniya. Hasashen damina da hukumar NiMet take fitar wa manomanmu kowace shekara ma jikan wannan aiki ne.

NA'URA MA TANA DA NATA RAUNI

Wani zai ce to ai in dabara ta yi kyau, sauran na kwamfuta ne, ita kuwa ba ta kuskure. Ba haka ba ne. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kuma gurbin da take ajiye lamba yana da iyaka. Kamar yadda ba za ka iya rubuta sulusi ya ƙare ba, sai dai 0.3333 har ka gaji, haka ita ma ba ta iya rubuta 0.1 ya ƙare. In ka tambayi Python jimlar 0.1 da 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004.

Wannan ɗan ƙura ba a raina shi. A ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wata na'urar kakkaɓo makamai mai suna Patriot a Zahran ta ƙasar Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Bincike ya nuna cewa agogonta da ushurin daƙiƙa yake ƙirga, ɗan guntun da ake datsewa a kowane ƙirge kuwa ya taru a cikin kusan awa 100 har ya kai daƙiƙa 0.34. A wannan ɗan lokaci makamin yakan yi tafiyar fiye da rabin kilomita. Haka kuma a watan Satumba 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, don wani ɓangare na ma'aikata ya ba da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauka da ma'aunin niyutan aka ba shi. Waɗannan mutane ne masu manyan digiri da manyan na'urori.

ABIN DA YA FARU DA NI

Kada ku ce sai labarin wasu nake bayarwa, bari in tona wa kaina asiri. Ban daɗe da kama aiki ba aka ba ni aikin in ƙiyasta ko ruwan wata ƙaramar madatsa zai ishi masu noman rani har zuwa faɗuwar damina. A kan abin da na rubuta ne za a gaya wa manoma yawan filin da za su shuka. Na zauna na tsara lissafina a Excel, rana-rana, daidai irin na kofin shayi: ruwan jiya, a cire wanda aka sha, a cire wanda rana ta ƙafar, saura shi ne na yau. Na zana hoto mai launi, layi ya sauka a hankali, ya nuna ruwa zai kai damina har da ragowa. Ina ta jin daɗi, ga ɗan jami'a ya zo da sabon ilimi.

A ofishinmu akwai wani dattijo da ya shekara fiye da talatin yana auna ruwa, bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Na kai masa takardar, gaskiya don in burge shi. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Ɗana, nawa ka ce rana tana sha a kullum?" Na ce, "Milimita 7, Baba." Ya ɗauki fensir ya yi ɗan rubutu a bayan ambulan, ya ce, "To a kwana 100 ai santimita 70 ke nan. Ni kuwa a nan santimita 7 na gani. Ko ranar taku ta ofis ce mai sanyi?" Da na koma na duba, ashe wajen mai da milimita zuwa mita na ƙara sifili ɗaya, na rubuta 0.0007 a inda ya kamata in sa 0.007. Da aka gyara, sai ga shi ruwan ba zai kai ba in an shuka duk filin.

Ku yi tunanin da takardar nan ta wuce. Magidanta sun ci bashin taki da iri da man injin ban ruwa, tumatir da albasa sun fara kyau, sannan ruwa ya yanke. Wa zai biya su? Kwamfuta ba ta yi laifi ba, abin da na ba ta shi ta dafa. Tun daga ranar ban sake miƙa wani lissafi ba sai na fara ƙiyasta amsar da fensir. Allah Ya saka wa wannan dattijo da alheri. Lallai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

SHAWARA GA ƊALIBAI

Ƙannena, tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka da yawanku kun iya danna A, B, C, D. Wasunku kuma sun fi mu sanin Facebook da WhatsApp. Wannan duk hawa mota ne a matsayin fasinja. Ga yadda nake ganin za ku koma mazaunin direba.

Na farko, ku riƙe lissafin aji da kyau, musamman aljabara da zanen giraf da ɗan kalkulas ɗin da ke cikin darasin ƙarin lissafi. Wanda bai iya yin taku uku da biro ba, ba zai iya umartar na'ura ta yi miliyan ba.

Na biyu, ku fara da Excel ko LibreOffice Calc, wanda kyauta ne. A gidan A1 ka rubuta 90. A gidan A2 ka rubuta =A1-0.1*(A1-30). Ka ja shi ƙasa zuwa A11, za ka ga 50.92 ɗin da muka samu ɗazu. Ranar da ka yi wannan ka shiga sahu.

Na uku, ku koyi harshen kwamfuta guda ɗaya ku iya shi sosai. Malamanmu na jami'a da FORTRAN suka tashi, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, kuma har yanzu manyan ayyukan hasashen yanayi da dama da shi aka rubuta su. Amma ga mai farawa ina ba da shawarar Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Kyauta ne, yana da sauƙin karantawa, kuma yana da kayan aiki irin su NumPy na lissafi da Matplotlib na zane. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya fara gwaji a wayar Android.

Na huɗu, ku ɗauki tambayoyin da kuka san amsarsu ku fara da su: jifan dutse, lilo, sanyin shayi. In na'ura ta ba ka abin da ka sani daidai, sannan ka ƙara mata abin da littafi ya ce a yi watsi da shi, kamar turjiyar iska.

Na biyar, kuma shi ne mafi girma, kowace amsa ta fito ka yi mata tambaya uku. Shin ma'aunaina sun dace da juna? In na raba taku biyu, amsar tana nan ko ta canza? Kuma mai hankali zai yarda da ita? Wannan ya ƙara zama wajibi yanzu da ake da manhajojin da za su rubuta maka umarnin gaba ɗaya cikin daƙiƙa. Suna da amfani, ni ma ina aiki da su, amma in sun yi kuskure ba sa jin kunya, kuma sunanka ne zai hau takardar.

Wanda ya dage, hanya a buɗe take. Akwai cibiyar ICTP a Triyeste ta ƙasar Italiya, wadda Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1964 don masanan ƙasashe masu tasowa. Akwai kuma AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, ta kuma yi rassa a ƙasashe irin su Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda. 'Yan'uwanmu mata, wannan kira har da ku. A 1962 ɗan sama jannatin nan John Glenn ya nemi sai wata baƙar fata, Katherine Johnson, ta bi lissafin kwamfuta da hannu ta tabbatar kafin ya yarda ya tashi.

KIRA GA ƘUNGIYARMU

Yayyena da abokaina tsofaffin ɗalibai, mun saba in an tashi taimakon makaranta sai a sayo kwamfutoci, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a watse. A makarantu da yawa bayan shekara za ka tarar an lulluɓe su da leda, babu wuta, babu mai koyarwa, maɓalli yana aljihun wani don tsoron kada yara su ɓata. Ina roƙon kada mu bi wannan hanya. Kwamfuta biyar masu aiki da hasken rana, waɗanda yara ke taɓawa kullum, sun fi hamsin da ke kulle.

Saboda haka ina ba da shawara uku. A sa wutar sola a ɗakin kwamfuta kafin a ƙara sayen ko da guda. A ɗauki nauyin horar da malaman Fiziks da na lissafi a lokacin dogon hutu, domin malami ɗaya da ya iya zai koyar da ɗaruruwa. Sannan a kafa ƙungiyar masu lissafi da kwamfuta a makaranta, waɗanda ke kusa a cikinmu mu riƙa zuwa bi da bi. Ni na ɗauki alkawarin Asabar ɗaya a kowane wata, in Allah Ya yarda, kuma ina roƙon sakatare ya rubuta don a tuhume ni in na saɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMMALAWA

Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba 2024, da waɗanda aka yi a 2012 da 2022 a sassan ƙasar nan, sun nuna mana irin bukatar da muke da ita ta mutanen da za su iya lissafa tafiyar ruwa kafin ya iso, kuma su san iyakar abin da lissafinsu zai iya faɗa. Ina fata wasu daga cikinsu suna zaune a kan bencinan nan na baya, inda mu ma muka zauna.

Ina neman gafarar malamaina in na yi tuntuɓen harshe, abin da na faɗa daidai kuwa tarbiyyarku ce. Malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama. Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya ba ɗalibanta ilimi mai amfani, Ya mai da kowa gidansa lafiya.